Na Farkon Lambara

Duk wanda ya rubuta suna a Lambara ya sami saƙo a waya cewa ya je Bodinga ranar Alhamis karɓar irin albasa, ban da ni. Ni kuwa na riga kowa rubuta suna, tun malamin kamfanin da ke rabon bai gama jingine babur ba.

Ba irin ne ya dame ni ba. Ɗiyata Bahijja aka ɗauka aikin gwaji a kamfanin, ita ta tsara wa na'urarsu yadda za ta aika saƙon. An gaya mata idan rabon nan ya tafi daidai ta zauna, idan manoma suka kawo ƙorafi ta koma gida. 'Yar fari ce. Ban taɓa taka ofishinta ba, ko a gida ba na tambayar ta aiki sai ta bakin uwarta Kaltume.

"Kunya ce," in ji Kaltume. "Ta cire ka don kada a ce ta fara da gida. Halinka ta ɗauko, mi kake so?"

Na yarda, har na ji daɗi.

Ranar kasuwar Shagari ina wajen mai facin taya, sai ga Anas, wani manomin Kajiji da muryarsa ke riga shi isa wuri.

"Malam Abdulaziz, ka ji rashin ta ido? Ni na fara rubuta suna a Kajiji. Kowa ya samu saƙo, har Idi da gonarsa ba ta kai tabarma ba, ni shiru. Tukur na Mandera ma haka, shi ma shi ya fara. Alhamis za mu tai mu ga manajan, mu ji ko sammako laifi ne."

Anas dai ba shi da ɗiya a ofishin nan da za ta ji kunyarsa.

Taya na gyaruwa na kama hanyar Bodinga, ina ta shirya yadda zan shiga kamar kowane manomi. A bakin ƙofa manajan, Malam Haliru, ya tare ni.

"Baba, wa kake nema?"

"Mai kula da na'ura."

"Ba ta da suna?"

Na dubi silin. Bahijja ta fito, ta gan ni, ta durƙusa har ƙasa. Malam Haliru ya dube ta, ya dube ni, ya jawo kujera ya zauna kamar mai jiran kallo. Na so ya tafi, bai tafi ba. Dole na faɗa wa bango abin da ya kawo ni: ni, da Anas, da Tukur, duk na farko a garinsu, duk babu saƙo.

Ta koma gaban wani baƙin allo mai koren rubutu. Na'urar kanta tana gefe, tsohuwa, girman firij, tana huci. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta dafe kai.

"Ranka ya daɗe, na gani," ta ce wa manajan. "Sunayen a jere suke, gari bayan gari, kowa yadda ya zo. Sai an fara kai na'ura bakin garin, sannan ta riƙa karanta na gaba, na gaba, har sunan gari ya canza. To na sa ta karanta mutum ɗaya don ta tabbatar ta iso Lambara. Da ta shiga aika saƙo, sai ta sake cewa na gaba."

"Ki faɗa yadda Baba zai gane," in ji shi. "Shi ya kawo ƙara."

Ba ta dube ni ba. "Kamar mai saye ne, ya ɗauki albasar saman buhu ya duba, ya aje gefe, ya kwashe sauran ya manta da ita."

Ni da kaina na kawo ƙorafin da za a kori ɗiyata.

"Malam," na ce, "ni ban zo ƙara ba. Wucewa nake."

"Daga Shagari zuwa Lambara ta Bodinga?" Ya yi dariya har da buga gwiwa. "Bahijja, gyara ki aika wa na farkon kowane gari. Abin da aka gyara kafin Alhamis ba ƙorafi ba ne a wurina. Litinin kuma akwai rabon taki, ki shirya."

Ta taɓa maɓallai kaɗan. Waya ta yi ƙara a aljihuna.

"Duba mana, Baba," in ji ta.

Na ce sai na fita.

Ban kai ga tada babur ba Anas ya kira. "Saƙo ya shigo, Malam Abdulaziz. Ashe labari ya kai musu ina tafe, tsoro ya kama su."

"Awo," na ce. "Tsoronka suka ji."