Karen Baba Jibo Ya Ƙi Igiya

Karen ya kafe ƙafafunsa a tsakiyar hanya, daidai bakin rijiyar burtsatse, ya zauna daɓas. Baba Jibo na riƙe da ɗaya bakin igiyar yana haki, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga.

"Baba, ja shi mana!" in ji Kamalu mai shayi. "Ko ka samo tsumagiya."

"Kai aka ɗaura wa igiyar?" Baba Jibo ya ce, ko kallonsa bai yi ba.

Ni maƙwabcinsa ne a Ƙarfi. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, gonakinmu ma iyakarsu ɗaya. Karen nan, Barsu, shi ke korar birai daga masarar tsohon, har tawa na cin albarkaci, amma wuyansa bai taɓa sanin igiya ba. A daminar nan mahaukacin kare ya ciji wata yarinya a ƙauyen da ke gaba da mu, sai mai unguwa ya sa aka yi shela: duk karen da aka gani yana yawo sake, 'yan banga su kashe shi. Sun kuwa kashe da dama.

Ana cikin haka ciwon zuciyar Baba Jibo ya tashi. Ɗansa Ubaidullahi ya zo da mota daga Funtua, ya durƙusa a zaure.

"Baba, likita ya ce a kawo ka yau."

"Ka gaishe shi."

"Saboda kare za ka ƙi asibiti? Me mutane za su ce?"

"Su ce. Ranar da na juya baya, ranar za a harbe shi. In ya iya tafiya a igiya, zan shiga motarka. Kafin nan ba inda za ni."

Ubaidullahi ya turo liman, ya turo ƙanen Baban, har ni ya roƙa. Duk amsa ɗaya muka samu.

Kowace safiya sai Baba Jibo ya fito da karen a igiya, aljihunsa cike da ƙuli-ƙuli. Ba ya ja, ba ya tsawa. In Barsu ya tsaya, sai ya saki igiyar ta kwanta a ƙasa, ya matsa gaba kaɗan, ya juya masa baya, ya jira. Wani lokaci har masu zuwa gona su wuce, rana ta ɗaga. Da zarar karen ya ɗaga ƙafa ya nufo shi, sai ya gutsura masa ƙuli-ƙuli.

"In ka ja, shi ma ja zai yi," ya ce mini. "Tsoro yake ji, yana zaton mahauta za a kai shi."

Wata rana mai unguwa ya same su zaune a kan hanya, tsoho a kan dutse, kare a gefensa, masu amalanken shanu na ta kewaye su.

"Malam Jibo, ka tare wa jama'a hanya."

"Ranka ya daɗe, igiya ka ce, ga igiya. Ba ka ce sai ya yi sauri ba."

Mai unguwa ya yi gaba abinsa.

Sannu a hankali suka wuce masallaci, suka wuce injin niƙa, inda ƙarar ke firgita karen. Shi kuwa tsohon kullum ƙarfinsa raguwa yake. Ranar wata Alhamis na raka su, sai ga mu har bakin gona, Barsu bai tsaya ko sau ɗaya ba. Baba Jibo ya jingina da bishiyar ɗorawa, leɓensa ya yi fari, ya miƙo mini igiyar.

"Zubair, karɓi. Kai za ka mai da shi gida."

"Baba, ni fa ban taɓa riƙe kare ba. In ya lashe ni fa?"

"Ka wanke. Ruwa ya ƙare ne?"

Na karɓa. Karen ya dube ni, ya dubi maigidansa, ya zauna. Hannuna ya so ya fizga.

"Sassauta!" tsohon ya ce da ɗan ragowar muryarsa.

Na sassauta, na jira. Can sai na ji igiyar ta motsa.

Da muka iso gida ya ce, "Kira yaron nan ya kawo motarsa." Da ƙafarsa ya shiga, ya ƙi a riƙe shi.

Bai daɗe a asibitin ba. Ranar Asabar da hantsi aka dawo da shi, muka sallace shi bayan Azahar.

Masararsa ta bushe a tsaye, iyalinsa na zaman makoki, sai na je karya musu, na tafi da Barsu. A bakin gona na kwance igiyar, tunda dokar ta cikin gari ce. Barsu ya shiga cikin karan ya ɓace. Da na ɗago daga baya, sai na hango shi can ƙarshen kunya a kwance, kunnuwa a miƙe, yana fuskantar dutsen da birai ke saukowa.