Kujerar Bayan Aji

Shekara talatin da ɗoriya Farfesa ta yi tana zama a bayan aji, ajin wasu ba nata ba. Takan shiga makarantar firamare da safe, ta ja 'yar kujera can lungu inda ake jingine tsintsiya, ta zauna ta zuba ido. Bincikenta ke nan: me ke sa yaro ya dage da karatu, me ke sa ya saki. Aikin yana da doka guda, wadda ita da kanta ta kafa, ta kuma dasa wa ɗalibanta na jami'a: mai kallo ba ya murmushi, ba ya ɗaure fuska, ba ya gyaɗa kai. Da ka motsa fuska, yaro ya daina yi don kansa ya koma yi dominka, bincike ya lalace. Ta ƙware har yaran wata makaranta suka raɗa mata suna Bango. An ce wani yaro ya taɓa jingina jakarsa a gwiwarta ya tafi shan ruwa.

Abin da ya fitar da sunanta ɗan ƙaramin abu ne. Ta lura duk yaron da ya gama aiki mai wuya sai ya ɗago kai ya dubi fuskar babba. Ƙiftawar ido ce kawai. In ya yi ta ɗagowa bai sami komai ba, wata rana sai ya daina, kuma daga nan karatu ke fara sulluɓe masa. A kan wannan ɗagowar ta rubuta littattafai, ta hau jirage, aka tafa mata a manyan ɗakunan taro. Takan ƙara da cewa akwai yara ƙalilan da ba sa bukatar duban kowa, daga cikinsu wutar ke ci. "Na san wata yarinya haka," in ji ta. 'Yarta take nufi, tilo, wadda ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya ba tare da an taɓa ce mata tashi ki yi karatu ba.

To, ritaya ta zo. Aka yi 'yar walima, aka ba ta agogon bango, kowa ya kama gabansa. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Gidan ya yi mata yawa: ɗaki uku, littattafai har saman kwaba, kujerun falo da ba wanda ke zama a kansu. Famfon kicin yana ɗiga dare da rana, ba ta kira mai gyara ba. Kaɗaici ya dame ta ƙwarai, amma ba mai ganewa a fuskarta.

Sai ga 'yar ta zo da jikarta. An yi wa mijin 'yar canjin wurin aiki zuwa nesa, shi ne suka zo sallama na 'yan kwanaki. Yarinyar shekararta shida, sunan kakar aka sa mata, don haka Farfesa ke ce mata Takwara.

"Mama, in kun shaƙu da ita, duk hutu zan riƙa turo miki ita," in ji 'yar tana sauke jaka. "Amma fa ba zan tilasta mata ba."

"Daidai ne," in ji Farfesa. Zuciyarta kuwa har rawa take yi.

Washegari Takwara ta zauna a ƙasan falo tana fama da igiyar takalmi. Ta ɗaura, ya warware. Ta sake, ya cukurkuɗe. Ta ciji leɓe, ta sake, sai ga shi ya ɗauru tsaf. Ta ɗago kai ta dubi kakarta.

Daɗi ya kama Farfesa. A ranta cewa take: dubi yarinya, ba ta nemi taimako ba, ba ta yi kuka ba, wannan jinina ce. Amma sabo turken wawa. Fuskar nan ta tsaya yadda aka horar da ita, ko gira ba ta motsa ba. Yarinyar ta ɗan jira, sannan ta tashi ta yi kicin wurin uwarta.

Haka aka yi da zanen kyanwa. Haka aka yi da waƙar makaranta. Ran nan da hantsi Takwara ta jera gwangwanayen madara, ɗaya bisa ɗaya, har suka kai mata ƙirji. Ta ɗora na ƙarshe, ta ja da baya, ta dubi gininta. Kakarta na nan zaune gabanta, amma yarinyar ba ta ɗago ba.

In da mai sanin ma'anar wannan a duniya, ai Farfesa ce. Ta gan shi a aji fiye da ƙidaya, tana zaune a lungu tana jin haushin malamai masu fuskar shanu. Laifi tudu ne.

Ta shige banɗaki ta rufe ƙofa. Mace mai furfura, mai digiri uku, ta tsaya gaban madubi tana koyon murmushi. Na farko ya fito kamar mai ciwon haƙori. Na biyu ya fi muni. Ta dai zaɓi ɗaya, ta riƙe shi a fuska, ta fito da shi falo.

"Madalla! Kai, wannan gini ya yi kyau!"

Muryar ta fita da ƙarfi fiye da yadda ta so. Takwara ta zabura, gwiwarta ta bugi gwangwanayen, suka watse a ƙasa. Ta ruga ta ƙanƙame zanen uwarta.

"Umma, Kaka ba ta da lafiya ne?"

"Lafiyarta ƙalau," in ji uwar, tana danne dariya. "Mama, ki bar wahalar da kanki. Mun san halinki."

Da zagi aka yi mata da ya fi sauƙi. Da yamma ta ji yarinyar na ce wa uwarta ita in an yi hutu gidan gwaggonta za ta, don Kaka ba ta son komai.

Ranar tafiya, kaya na mota, direba na jira, sai 'yar ta ce ba za ta bar gidan nan da famfon nan yana ɗiga ba, ya hana ta sakat tun zuwanta. Ta nemo sifana a tsohon akwatin kayan aikin mahaifinta, ta naɗe hannun riga, ta rufe ruwa daga ƙasa, ta kwance kan famfon. Robar ciki ce ta cinye. Ta yanko wata daga tsohuwar robar tayar keke, ta daidaita ta da almakashi. Farfesa na tsaye bakin ƙofa tana kallo, kamar yadda ta saba. Karo na farko ruwa ya yi tsartuwa ya jiƙa wa 'yar gaban riga. Ta yi tsaki, ta kwance, ta sake. Ta ɗaure, ta buɗe ruwa, ta rufe. Shiru. Ko ɗigo babu.

Sai ta ɗago kai ta dubi fuskar uwarta.

Mace 'yar shekara arba'in, da furfura biyu-uku a gefen ɗankwali. Ƙiftawar ido ce kawai, amma Farfesa ba ta taɓa kuskuren gane ta ba. Ashe yarinyar da take ba da misali da ita a gaban manyan malamai ba ta taɓa daina ɗagowa ba. Tun tana rarrafe take duban fuskar nan, kuma har yau tana duba.

Maganganu suka cika wa Farfesa baki. Ta buɗe shi, sai ta ji kanta tana cewa:

"Ya daina zuba."

"Eh, ya daina," in ji 'yar. Ta sunkuyar da kai ta mai da sifana cikin akwati.

Direba ya yi oda. Aka fita, aka yi sallama, Allah ya kiyaye hanya, a gaida mai gidan. Takwara ta shige bayan mota ta kama wasa da igiyar takalminta, ko waiwaye ba ta yi ba. Mota ta tashi.

Sai da motar ta kusa shan kwana Farfesa ta taka zuwa tsakiyar titi, ba takalmi, ta ɗaga hannuwa sama ta fara tafi. Tafi sosai, irin wanda aka sha yi mata a ɗakunan taro. Mai shagon tsallake ya leƙo, wani mai keke ya kauce mata yana waiwaye. Ba ta daina ba har motar ta sha kwana. Ko 'yar ta hango ta a madubi, ko ba ta hango ba, ba ta sani ba.

Ta koma ciki tafukanta na zafi. Ta ja kujera a kicin ta zauna, tana kasa kunne ko famfon zai ɗiga. Gyaran ya yi kyau, bai ɗiga ba.