Yadda Afnan Ba Ta Ci Sunan Inna Ba

A shekarar da taki ya gagari kowa a ƙauyenmu na gefen Bici, har muka shuka gero haka nan, matata Sakinatu ta haifi 'yarmu ta fari. Ko akuya ba ni da ita. Inna, mahaifiyata, ita ta kiwata ragon suna, da dusa da 'yar harawar da take tsintowa a gonakin mutane.

A gidanmu 'yar fari sunan kakarta take ci. Ba wanda ya tuna mini, don kowa ya sani. To amma da rani na yi leburanci a Ungogo, gidan wani Alhaji mai 'yar yarinya fes da ita, ana ce mata Afnan. Sunan ya zauna mini a rai. Gani nake duk wadda aka kira da shi ba za ta sha irin wahalarmu ba. Da shi na yi wa jaririyar huɗuba, ban shawarci kowa ba.

Ranar suna da safe na raɗa wa limaminmu, Malam Badaru. Ya dube ni, sannan ya sanar.

"Wannan sunan mutum ne ko na maganin feshi?" in ji Kawu Sabo.

Aka yi dariya.

"Suna ne mai kyau," in ji Malam. "Larabci ne, yana cikin Alƙur'ani, wajen da aka siffanta Aljanna. Rassan itatuwa ake nufi."

Ni ma sai ranar na sani.

Na shiga cikin gida na tarar da Inna a tsugune tana wanke kayan cikin ragon. Labari ya riga ni isa. Ba ta ɗago ba.

"Allah ya raya," ta ce.

Kwana uku ban iya haɗa ido da ita ba. Na koma wajen Malam, ya ce addini bai hana sauya suna ba. Na je na sami Inna tana ɓarar gyaɗa, jaririyar na kwance a gefenta.

"Inna, zan mayar mata da sunanki."

"Hadi, gari duk ya ji. Bar yarinya da sunanta." Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. "Da dai ka gaya mini tun farko, da ban bi ƙawayena ina cewa za a yi mini takwara ba. Shi ke nan kawai."

Na ce a raina ta gaba tata ce, in Allah ya yarda. Sai muka haifi namiji. Haihuwa ta uku kuwa, Inna ba ta gan ta ba.