Kyandir Biyar na Mai Aski

Mai Aski mutum ne mai kyan hannu da saurin fushi. Yana yi wa almakashi faɗa, yana yi wa ƙuda faɗa, ranar da aka ɗauke wuta kuwa har fanka sai da ta sha zagi.

Yana da 'ya guda mai shekara shida, ana ce mata Auta. Kullum in an tashi daga makaranta a shagon take zama, kan wata 'yar jar kujera a bayan ƙofa, tana ba shi labarin wanda ya yi kuka a aji. Ranar Litinin ya daka wa wani tsawa har fensirinta ya faɗi. Ta ja kujerarta ta yi gida. Kwana uku yana share gurbin kujerar sau biyu a rana, wai shi ƙura yake gani.

Ranar Alhamis ta dawo ba kujera, sai wani littafi da malamarsu ta ba su. Labarin wani biri ne mai zafin rai. In ransa ya ɓaci sai ya ɗaga yatsunsa biyar, ya hure su ɗaya bayan ɗaya kamar kyandir, daga nan ya ba da haƙuri. Auta ta tsaya a bakin ƙofa ta kafa sharaɗi: ya yi wa mutum ɗaya aski tun daga farko har ƙarshe ba tsawa.

"In ka yi ko sau ɗaya, Baba, kujerata tana wajen Mama har in girma."

Ya ce da gemunsa biri ba zai koya masa hankali ba. Duk da haka sai da ya karanta littafin sau biyu, yana motsa leɓe.

Cikin rashin sa'a, wanda ya fara shigowa Direba ne, mutumin da kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya. In yana ba da labarin kwanar hanya, da kai yake shan kwanar. Mai Aski ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya bulbula hoda, ya riƙe kan da hannun hagu, ya kunna inji. Ya daure wa kwanar farko, ya daure wa ta biyu. Can Direba ya ce shi fa ya ji mai askin tsallaken titi ya fi sanyin hannu.

Tsawar ta taso har maƙogwaro. Sai ya hango Auta a madubi, rungume da littafi. Ya ɗaga hannun hagu a gaban fuskar Direba, ya baza yatsu. Abin da ya manta shi ne, birin littafin ba aski yake yi ba. Hannun nan ya sha hoda da guntayen gashi, injin kuma yana ta kuka a hannun dama, don shi bai taɓa kashe inji a tsakiyar aiki ba.

Ya hure na ɗaya, ya hure na biyu. A na uku komai ya tafi hancin Direba. Direba ya saki wata atishawa da ta girgiza madubi, kansa ya taho ya samu injin. Wata hanya ta buɗe tas daga goshi har tsakar kai.

Direba ya miƙe, ya dubi madubi, ya buɗe baki zai fara faɗa. Auta ta matso ta kamo hannunsa, ta ware masa yatsu.

"Hura, Kawu. Shi ma birin da farko bai so ba."

Ƙaton mutum da ƙyalle a wuya ya tsaya yana hure yatsunsa. A na huɗu dariya ta ƙwace masa. Ya ce shekara ashirin yana tuƙi bai taɓa ganin hanya mai kyan wannan ba, ko rami guda babu.

Mai Aski ya ce a yi haƙuri. Kalmar ta fito da ƙyar, kamar tsohuwar ƙusa daga katako. Suka yarda a kwashe sauran gashin gaba ɗaya.

Da ya waiwaya, babu Auta. Ya shiga lissafin ko hurar tasa ce ta yi ƙara da yawa. Yana cikin goge ƙwalƙwalin Direba ya ji ana jan wani abu a kan siminti, ƙiii, tun daga titi. Ta tura jar kujerar bayan ƙofa, ta hau, ta buɗe littafi a cinya.

"Saura kyandir biyu, Baba," in ji ta. "Amma ka wanke hannu tukuna."