An Ƙara wa Ƙarfe Bakwai Girma

Ranar Litinin da hantsi Auta ta kawo wa uwarta takardar. Ta ajiye ta a kan tebur kusa da flas ɗin shayi, sannan ta ja da baya ta tsaya a bakin ƙofa, don ta san abin da zai biyo baya. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban jami'a ce ta aiko. 'Yan ajin marigayi mahaifinta sun cika shekara arba'in da gama karatu, za su buga ɗan littafi na tunawa da waɗanda suka rasu a cikinsu. Shi ne aka aika wa kowane gida shafin mamacinsa, a duba kafin ranar Alhamis, ranar da za a kai aikin maɗaba'a.

Uwar tata, Malama, ta yi shekara talatin tana koyar da lissafi a sakandaren 'yan mata, kuma har yau ba ta iya karanta takarda sai da jan biro a hannu. Ta sa tabarau ta fara bi layi-layi. Hoton nasa ne, da hularsa a karkace kamar kullum. Shekarar haihuwa daidai, shekarar rasuwa daidai. Sai ta iso layi na huɗu, inda aka ce mijinta ya yi aiki a tashar kula da yanayi har ya kai matsayin Darakta.

"Daraktan wa?" in ji ta.

"Umma, ki dai karanta zuwa ƙarshe."

"Na ce daraktan wa? Babanku ko daraktan kajin gidan nan bai taɓa zama ba."

Gaskiya ta faɗa. Shekara talatin da huɗu mutumin nan ya yi yana aiki guda. Ƙarfe bakwai na safe zai buɗe ƙofar shingen waya a bayan tashar, ya cire mazurarin ma'aunin ruwan sama, ya juye abin da ya taru cikin kwalbar awo, ya ɗaga ta daidai idonsa, ya rubuta milimita nawa aka samu. In ba a yi ruwa ba ma sai ya je ya rubuta sifili da hannunsa. Abokansa har suka laƙaba masa Ƙarfe Bakwai, sunan ya bi shi har kabari. Sau uku ana kawo masa takardar ƙarin girma, sau uku yana mayarwa, wai wanda aka ɗaga sama ofis ake ba shi mai labule, ba ya sake taɓa kwalba. Da ya yi ritaya kuwa sai ya kafa nasa ma'aunin a bayan gida, tsakanin igiyar shanya da bishiyar lemo, ya ci gaba da abinsa har makon da aka kwantar da shi asibiti. Wata goma sha ɗaya ke nan ba wanda ya leƙa gwangwanin ma'aunin.

Malama ta ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar, ta rubuta "ba haka ba ne" a gefe, kamar yadda take yi wa ɗalibar da ta kwafi amsa. Washegari ta ɗauki jakarta, Auta ta kai ta ofishin ƙungiyar a mota.

Ofishin ƙungiyar wani ɗan ɗaki ne da aka ara musu a bayan ɗakin karatu na jami'ar. Fanka tana kuka a sama ba iska, fayil-fayil ɗaure da igiya sun cinye kujera biyu daga cikin uku. Sakataren ƙungiyar, tsohon magatakarda ne mai sanyin magana, irin mutanen nan da za su hana ka abu cikin ladabi har ka yi musu godiya. Ya kwashe fayil ya ba ta wurin zama, ya yi mata ta'aziyya ta kusan minti biyar, sannan ya dubi jan layin.

"Ai ba kuskure ba ne, Malama. Tsarinmu ke nan."

"Wane tsari?"

"Duk wanda ya rasu a cikinmu, mukan ƙara masa mataki ɗaya. Karamci ne. Mutum ya tafi, me za a rasa?" Ya buɗe mata sauran shafukan yana nunawa da yatsa. Ga wani babban malami da ya wayi gari farfesa a shafi na shida. Ga manjo da ya zama kanar a shafi na tara. Ga wata mataimakiyar shugabar asibiti da aka cire mata "mataimakiya" a hankali, kamar yadda ake cire wa mai barci tabarau. Ya ce shekara ashirin suna haka, ba iyalin da ya taɓa kawo ƙara.

"To na ji," in ji Malama. "Mataki ɗaya ka ce. Daga mai awo zuwa Darakta mataki huɗu ne."

Fuskar Sakatare ta yi haske, don nan ne wurin da yake alfahari da shi. "Shi ne muka zauna muka yi lissafi. Sau uku ya ƙi karɓar ƙarin girma, ko ba haka ba? To haƙƙinsa ne, muka mayar masa. Uku, ga ɗaya na ƙungiya, huɗu."

Malama ta cire tabarau ta dube shi. Ta koyar da yara dubbai, ta ga shirme iri-iri a takardar jarrabawa, amma ba ta taɓa ganin wanda ya tara daidai ya fito da ƙarya tsagwaronta ba sai yau. Ranta ya ɓaci.

"Ranka ya daɗe, abin da mutum ya mayar da hannunsa sau uku, shi kuka jira ya mutu kuka cusa masa a aljihu?"

"Ba haka za ki kalli abin ba."

"Ta ina zan kalla?"

Ya ce shi dai ba shi da ikon taɓa shafi, sai Shugaban ƙungiya. Ya kuma tuna mata, cikin wannan sanyin muryar tasa, cewa littafin bisa muƙami aka jera shi. Daraktoci da farfesoshi suna gaba, kowa da cikakken shafi da babban hoto. Waɗanda ba su da muƙami suna can baya, mutum huɗu a shafi ɗaya, hoto bai wuce kan sarki ba. In aka cire kalmar, can marigayi zai koma.

A mota Auta ta yi ta juya maganar. Ita mai harhaɗa magunguna ce, ta saba lallashin masu taurin kai su sha abin da ba sa so.

"Umma, wa zai cutu? Jikokinsa za su buɗe su ga kakansu a shafi na uku. In kika matsa, sai sun yi ta bincike a baya kamar masu neman lambar waya."

"Su bincika. Ai suna da yatsu."

"Kowa fa an yi masa."

"Shi ya sa. Littafi guda, ba mutum ɗaya na gaske a ciki."

Ta faɗi haka da ƙarfinta, amma maganar shafi na uku ta tsaya mata a rai har suka isa gida. Ba za ta ɓoye wa kanta ba, hoton ya yi kyau da girmansa.

Ranar Laraba ta tafi gidan Shugaba ita kaɗai. Shi Darakta ne na gaske, har ma ya wuce nan, ya riƙe ma'aikata sukutum kafin ya sauka. Ɗaki ɗaya suka zauna da marigayi a jami'a, kuma tun ranar da aka kawo Malama gidan miji yake kiranta Amarya, bai fasa ba har furfura ta cinye kansu duka. Falonsa cike yake da allunan yabo, bango ba masaka tsinke. Ya sa aka kawo mata lemo, ya karɓi takardar, ya ga jan biro ya yi dariya.

"Amarya, har yanzu ba ki ajiye makamin nan ba?"

"Ban ga ranar ajiyewa ba, tunda manya ma sai an bi su da shi. A cire kalmar nan."

"Ni na sa a rubuta."

"To kai za ka sa a goge."

Ya gyara zama, ya yi mata bayani kamar mai jawabin buɗe taro. Ya ce a ajinsu kaf ba wanda ya kai Ƙarfe Bakwai ƙwaƙwalwa. Ya ce rabin waɗanda ke shafukan gaba da littafin lacca na marigayi suka ci jarrabawa, shi kansa ma da littafin ya ci. Ya ce ba zai iya buɗe littafi ya ga mutumin nan a matse a baya, su kuwa da ya koya wa karatu sun baje a gaba ba. Abin kunya ne ga ajin.

"Kunyarku ce," in ji Malama. "Shi bai taɓa jin ta ba."

Shugaba ya dube ta ta saman tabarau. Sannan ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Amarya, ke fa kika zo ofishina. Shekara ashirin da wani abu ke nan. Kika zauna kika ce in yi wa Allah in sa baki, mijinki ya ƙi ci gaba, sa'o'insa duk sun wuce shi. Har kuka kika yi. Abin da kika roƙa ne na ba shi."

Ta tuna ranar sarai, har kalar mayafin da ta yafa. Ba ranar kaɗai ba ma. Ta tuna safiyoyin da yake ɗaura agogo tana bin sa da magana har bakin ƙofa, wai mutum da digiri ya ƙare a leƙen gwangwani. Ta tuna lokacin da ya mayar da takarda ta uku, ta yi kwana tara ba ta ce masa ci kanka ba, shi kuwa yana shigowa ya gaishe ta, ya gaya mata milimita nawa aka samu, kamar ta tambaya. Shekara talatin tana neman kalmar nan, ga ta an kawo mata har gida a buge da manyan baƙaƙe. Kunya ta kama ta, da wani baƙin ciki da ba ta san inda za ta ajiye shi ba, sai duk suka koma mata haushi, don shi ta fi sabawa da shi.

"Na roƙa," ta ce. "Ban musa ba. Amma lokacin yana da bakin da zai ce a'a, kuma ya ce. Yanzu ba shi da shi. Ni na dame shi yana raye, ba zan zauna ku gama mini aikin yana kwance ba."

Shugaba ya daɗe yana juya takardar. "Baya fa zai koma."

"Na sani."

"To me za a rubuta? Ba a barin wurin muƙami fayau."

Ta karɓi takardar, ta ɗora a kan jakarta, ta soke layin gaba ɗaya. A samansa ta rubuta da jan biro: Ya auna ruwan sama kowace safiya, shekara talatin da huɗu. Shugaba ya karanta, ya ce ko a ƙara "babban" a wani wuri. Ta miƙe ta ce masa a gai da mutan gida.

Bayan mako uku littafin ya fito. Auta ta kawo kwafi ɗaya da yamma, ta ajiye a wurin da ta ajiye takardar farko. Malama ta wuce farfesoshi, ta wuce kanar ɗin da bai taɓa zama kanar ba, ta yi ta buɗawa har shafi na arba'in da bakwai. Yana can ƙasa ta hagu, ƙarƙashin wani mai kantin littattafai. An matse hoton har an yanke rabin hular. Ta yi tsaki, ta ce ko hular ma ba su iya bari ba. Amma layin yana nan yadda ta rubuta shi, ba ƙari ba ragi, ta bi shi da biro sau biyu ba ta sami abin gyarawa ba.

Da asuba aka yi ruwa, ba mai yawa ba. Malama ta idar da salla ta zauna a bakin gado tana jin ɗigarsa daga indararo. Da gari ya waye ta dubi agogon bango, ta kau da kai, ta sake dubawa. Bakwai saura biyar. Ta ce ita dai ba ta ga abin da ya dame ta ba, sannan ta zura silifas ta fita bayan gida.

Mazurarin ya toshe da busasshen ganyen lemo, sai da ta sa tsinke. Gwangwanin cike yake da tsohon ruwa mai kore, na wata da watanni, ba yadda za a raba na yau da na bara. Ta zubar, ta ɗauraye, ta mayar da shi mazauninsa, tana mita ita kaɗai a kan mutumin da zai kafa abu a inda ganye ke zuba. Littafin awonsa yana kan taga inda ya bar shi, da fensir ɗaure da zare. Ta buɗe shafin ƙarshe, ta ga rubutunsa ya tsaya a wata Talata, sifili.

Auta ta leƙo ta taga da buroshi a baki. "Umma, nawa aka samu?"

"Ina zan sani? An bar abu wata goma sha ɗaya." Ta rubuta kwanan wata a ƙarƙashin nasa, ta bar wurin lambar ba komai, don ba za ta rubuta abin da ba ta auna ba. "Gobe ki tashe ni kafin bakwai."