Motar Yaya

Da gwamnatin jiha ta haɗe ofishin lasisi da na duba motoci da na tashoshi suka zama hukuma ɗaya, kowa ya zuba ido ya ga inda za a jefa shi. Sarkin Birki, wanda ya daɗe yana aikin duba motoci, ko a jikinsa. Abin da bai zata ba shi ne a ɗora matarsa, wadda ta daɗe a ofishin lasisi, a kan sashensu.

Direbobi suka samu abin tsokana. "Sarki, a gida ma sai ta sa hannu kake fita?" Yakan yi dariya ya ce su kunna mota.

A sabon tsari, mai duba ba ya tsare mota shi kaɗai kamar da, sai shugabar sashe ta amince. Ba a jima ba aka shigo da bas ɗin yayan matarsa, motar da yake ciyar da iyalinsa da ita. Sarki ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Ya daɗe zaune a kujerar direba kafin ya nufi ofishinta.

Ya same ta tsakanin kwalayen da ba a gama buɗewa ba.

"Ranki ya daɗe, motar Yaya ce. Birki ya mutu. Ko a jira mataimakinki ya dawo, shi ya sa hannu?"

"Kai ka duba da kanka, Malam?"

"Ni na duba."

"To, miƙo."

Ta karɓi takardar ta sa hannu.

Da yamma Yaya ya zo gidansu, ko zama bai yi ba. "Motar nan ce ta kai ki makaranta," ya ce mata. Ta sunkuyar da kai. Sai da ya fita ta shige ɗaki ta yi kukanta.

Ranar Asabar Sarki ya nemi izini, ya ɗauko tsohon akwatin sifanarsa ya shiga ƙarƙashin bas ɗin a filin hukuma. Yaya ya zo ya tsaya yana cin magani. Can ya tuɓe riga ya tsuguna yana miƙa masa kaya.

Da aka zo sake dubawa, Sarki ya ce tunda hannunsa ya taɓa motar, wani ya duba. Birki ya kama, aka sake ta. Yaya ya daɗe bai leƙo gidan ba, amma ranar sunan jikar su Sarki shi ya kwaso baƙi, mota cike.