Baba Ya Je Duba Tanki

Duk wadda ta samu gurbi a jami'ar nan, ɗaki a Sabon Gini take so a ba ta. Ni ma hotunansa sun tafi da ni: fenti fari tas, fanka a kowane ɗaki, ga aminiyata ta rantse can za ta zauna. Sai dai gado ɗari biyu ne, mu 'yan shekarar farko kuwa mun haura dubu. Dabara babu wadda ba mu haddace ba: a cike fom da zarar an buɗe shafin intanet na makarantar, a nemi ɗakin mutum huɗu maimakon na biyu, ki rubuta sunan ƙawarki ita ma ta rubuta naki.

Babana mai gyaran famfo ne, kuma ko gidan biki ya shiga sai ya leƙa bututu. Ranar da muka je ganin makarantar, iyaye na ta ɗaukar hoto a bakin ƙofa, shi ya ɓace. Can na hango shi a bayan Sabon Gini, ya ɗaga kai yana kallon tanki, yana ƙwanƙwasa ƙarfe da makullinsa. Kunya kamar in nutse.

Da muka dawo gida ya ce, "Auta, Tsohon Gini za ki sa a farko."

"Haba Baba! Wancan mai kama da sito?"

"Tankin sabon bai kai ya ɗauki mutum ɗari biyu ba, bututun kuma siriri ne. Na tsohon kuwa, na buɗe famfon hawa na uku, sai da ya jiƙa min riga."

Na buɗe baki zan yi gardama, sai na lura ko'ina yake kallo ban da ƙafata. Da gajeriyar ƙafar hagu aka haife ni. Ina tafiya, ina hawa bene, amma bokiti cike da ruwa ya fi ƙarfina, kuma na tsani a ɗaukar min. A gidanmu ba a taɓa yin zancen ba. Famfo dai akwai a ƙofar ɗakina, akwai a wajen wanki, akwai wani ɗan guntu a tsakar gida. Shekara goma sha takwas ina ɗauka son aiki ne kawai irin na Baba.

Da safe na cike fom ina ƙunƙuni, na sa Tsohon Gini. Ba mai rububinsa, nan take aka ba ni. Aminiyata ta samu nata, ta yi kwana biyu ba ta kula ni.

A mako na uku ta ƙwanƙwasa min ƙofa da bokiti biyu a hannu, ruwa ya ɗauke a Sabon Gini. Tana tarar ruwa Baba ya kira. Bai tambayi karatu ba.

"Auta, yana zuwa?"

Sai na ƙara murɗa famfon, na kai wayar kusa da shi.